TSUNTSU A KEJI AMANA NE

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin dattawanmu masu kiwon tsuntsaye ya gabatar a taron wata-wata na ƙungiya a nan Sabon Ibadan.

   

An ce in yi magana a kan kiwon tsuntsu, saboda koke-koken da ake ta kawo mana. Wannan ya ce akunsa ya ciji yaro, wancan ya ce ihu ya hana maƙwabta barci, wani kuma ya ce nasa ya fige gashin jikinsa kaf, ko an yi masa sammu ne. To jama'a, maganata ɗaya ce a yau. Abin da muke kira mugun halin tsuntsu, yawancinsa ƙara ce yake kawowa a kan mai shi.

Bari in fara da kaina. Ina saurayi na sayi aku, na rataye kejinsa a lungun shagon goro. Tsammanina zai zama kamar akun nan na Magana Jari Ce, ya riƙa yi mini hira. Gyaɗa kawai nake zuba masa, in ya cije ni in ɗalle masa baki. Bai rufa shekara ba ya fige ƙirjinsa, ya daina cin abinci, wata safiya na tarar da shi a ƙasan keji. Wallahi har yau in na tuna sai na yi istigfari, domin jahilcina ne ya kashe shi.

Addininmu bai hana ajiye tsuntsu ba. Malamai sun karantar da mu cewa ƙanen Anas ɗan Malik, wato Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, da ya mutu Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rarrashe shi. Amma kuma sun karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Ke nan duk wanda ya rufe ƙofar keji, ya ɗauki amana.

Aku mai launin toka da jan bindi tsuntsun kurmi ne. A daji cikin garke yake rayuwa, ya wuni yana tashi yana neman 'ya'yan itace, musamman kwakwar manja. A hannun mutum yakan kai shekara 40 har zuwa 60. Kai saurayi, ka ji ko? Mai yiwuwa akun da ka saya yau 'ya'yanka ne za su gaje shi. Kuma ba kowane aku ke magana ba. Yawanci sai ya kai wajen shekara guda yake farawa, wani kuwa har ya mutu fito kawai zai yi.

To mu zo kan cizo. Aku ba ya cizo sai ya ba da sanarwa. Za ka ga ya kumbura gashi, ƙwayar idonsa tana ƙanƙancewa tana buɗewa, ko ya ja da baya yana gurnani. In ka ga haka, janye hannunka. Kada ka doke shi, kada ka jijjiga keji, domin duka tsoro kawai yake ƙara masa, tsoron nan kuwa shi ne tushen cizon. Zauna kusa da keji kullum kana yi masa magana a hankali. Miƙa masa ɗan abin da yake so ta tsakanin waya. Bayan kwanaki ka koya masa hawa sanda, daga nan ya hau hannu. Sannu ba ta hana zuwa. Iyaye mata, don Allah ku hana yara tsokanarsa da tsinke.

Na biyu, ihu. Kukan safe da na yamma halittarsa ce, haka suke kiran juna a daji, babu mai hana shi. Amma in ya wuni yana ihu, to kaɗaici ne. Kuskuren da muke yi, da ya yi ihu sai mu taso da gudu muna daka masa tsawa. Shi kuwa a ganinsa kira ya yi aka amsa, gobe sai ya ƙara. Ka ƙyale shi in yana ihu, da ya yi shiru ko ya yi fito mai daɗi sai ka zo ka ba shi tukwici. Ka ajiye kejin inda mutanen gida ke zama. Da dare kuma yana bukatar barcin sa'a 10 zuwa 12 cikin duhu, ba a gaban talabijin ba.

Na uku, fige gashi. Wannan ba sammu ba ne. Ko dai zaman banza, ko rashin abinci mai kyau, ko rashin wanka, ko ciwo a jiki. A ba shi keji mai faɗin da zai buɗe fuka-fukansa ba su taɓa waya ba. A sa masa ɗanyen reshe da kwali ya riƙa tattaunawa, a yayyafa masa ruwa da hantsi. In abin ya fara, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Ga asibitin dabbobi nan Mokola kusa da mu, ga kuma na Jami'ar Ibadan.

Maganar abinci kuwa, gyaɗa zalla ba abinci ba ce. A haɗa masa da gwanda, ayaba, mangwaro, karas, ɗanyar masara da ganye, da ɗan kwakwar manja. Mu lura, damshin ƙasar nan ba irin na gida ba ne, gyaɗa da hatsi suna saurin yin funfuna, funfuna kuwa tana lalata masa hanta da huhu. Kada a ba shi fiya, guba ce gare shi. Haka cakulan, da kofi, da abinci mai gishiri. Mu 'yan goro kuma mu daina gutsura masa goro don raha, sinadarin da ke hana mu barci yana bugar masa da zuciya. A nisanta keji daga hayaƙin janareta, da na maganin sauro, da na murhu. A sauya ruwa kullum, a share kashi, a wanke hannu, domin akwai zazzaɓin da mutum ke ɗauka daga ƙurar busasshen kashin tsuntsu.

Masu kanari, in ya daina waƙa lokacin da yake sauya gashi ba ciwo ba ne, a ƙara masa abinci a yi haƙuri. Masu tantabara, in ta gudu daga gida ku duba ɓera da kyanwa da ƙazanta kafin ku zargi maƙwabci.

Saura magana mai nauyi. Akun nan yana ƙarewa a daji. A ƙasar Gana bincike ya nuna kashi 90 zuwa 99 cikin 100 sun ɓace tun daga 1992. A 2016, a taron ƙasashe da aka yi a Johannesburg, an haramta cinikin akun da aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa, kuma mu nan Nijeriya muna da dokar kare namun daji masu ƙarewa tun 1985. Da yawa daga cikin waɗanda ake kamowa a hanya suke mutuwa kafin su iso kasuwa. Mu baƙi ne a nan, mutuncinmu shi ne jarinmu. Kada wani yaronmu ya yarda a ɗora masa kwandon aku a motar Arewa don 'yan kuɗi kaɗan, ya ja wa kansa da Sabo baki ɗaya abin kunya. Wanda yake da aku a gida ya riƙe shi da kyau, kada ya sake shi cikin gari, ba zai iya ciyar da kansa ba. Wanda bai saya ba tukuna, shawarata ya fara da tantabara.

Duk mai sabon tsuntsu da abin ya shige masa duhu, ya same mu bayan sallar La'asar, mu tsofaffin hannu za mu je gidansa mu duba, ba ko sisi.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya yafe mana abin da muka yi cikin rashin sani, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.