Tsohon Akwatin Rediyo: A Gyara Ko A Adana?



Abin da ya tara mu yau shi ne tsohon akwatin rediyo, irin wanda akan tarar a ɗakin ajiya na wasu gidajen Haɗeja, magada su ce na zamanin yaƙin Hitila ne. Tambaya biyu ce a gabanmu: yaya za mu tabbatar da asalinsa, kuma in mun tabbatar, mu gyara shi ko mu bar shi yadda yake? Maganar na da gaggawa, domin masu sayen tsofaffin ƙarafa nauyi suke aunawa, ba sa tambayar tarihi. Ambaliyar kogin Haɗeja kuma, irin ta 2020 da 2022, ta nuna mana yadda dare ɗaya ke cinye ajiyar shekara tamanin.

A shekarun yaƙin, watau 1939 zuwa 1945, zamanin Sarkin Haɗeja Usman, rediyo ba abin kowa ba ne. Labari yakan iso ta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, da kuma bakin matafiyan da jirgin ƙasan Kano zuwa Nguru ke saukewa a Malam Madori. Duk da haka akwai hanyoyin da akwati zai iya biyowa. Tun daga 1940 Kano ta zama zangon jiragen saman yaƙi masu tashi daga Takoradi zuwa Alƙahira, ga Turawan mulki da na kamfani, ga kuma sojojinmu da suka komo daga Bama. Amma yiwuwa ba hujja ba ce. Gani ya kori ji.

Da farko a buɗe bayan akwatin. Rediyon yaƙi da ƙwayayen gilashi yake aiki, waɗanda masu gyara ke kira bawul. In an ga tiransisto, magana ta ƙare, domin a 1947 aka ƙirƙiro shi, rediyonsa kuwa sai 1954 ya shiga kasuwa.

Na biyu, a duba tambari. Kayan gwamnatin Ingila na ɗauke da alamar kan kibiya. Haruffan AM tare da kambi na nufin ma'aikatar jiragen sama, kamar yadda ake gani a jikin R1155, ƙirar kamfanin Marconi, wanda aka riƙa sawa cikin jiragen yaƙi.

Na uku, a duba zangon da yake kamawa. A 1944 an ƙera wa farar hular Ingila rediyo mai sauƙi cikin akwatin katako, da harafin U da lamba mai nuna kamfanin da ya haɗa shi. Matsakaicin zango kaɗai yake kamawa, alhali kuwa muryar Landan ta gajeren zango take isowa ƙasarmu. Wanda ya kawo irinsa nan, ba don sauraron Landan ya kawo shi ba. In kuwa akwatin shuɗi ne mai siffar tukunya, to Saucepan Special ne na kamfanin Ever Ready, wanda ya fito a 1949, bayan yaƙi. Wannan bai rage masa daraja ba, domin a zamaninsa ne sashen Hausa na BBC ya fara magana, a watan Maris na 1957.

To, sai batun gyara. Gargaɗinmu na farko: kada a jona shi da lantarki don gwaji. Kwandansa na wancan zamani da takarda da kakin zuma aka yi su, danshin damina kuma yakan lalata su, har su ƙone taransifoma nan take. Wasu akwatunan ƙarfen cikinsu kan ɗauki wuta, wasu na soja kuma an shafa wa ma'auninsu fenti mai sinadarin radiyam, wanda kankare shi haɗari ne ga lafiya.

Ra'ayinmu shi ne, sani ya riga gyara. Akwatin da aka san mai shi da hanyar da ya biyo, shaida ce ta tarihi: a share ƙura, a ɗaga shi daga ƙasa, a bar shi da kamanninsa. Wanda irinsa ke da yawa, ana iya tayar da shi a hannun gwani, bisa sharaɗin duk abin da aka cire a adana shi da rubutu. Amma a kwashe cikinsa a cusa na zamani, ko a mulke shi da sabon fenti, wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Mu tuna kuma ko ya tashi ba zai kama tashoshin FM ba.

Aikinmu ne mu ɗalibai, in mun koma gida hutu, mu ɗauki hoton kowane akwati, mu kwafi lambobinsa, mu rubuta abin da dattawa suka sani a kansa tun suna raye, sa'an nan mu nemi shawarar masana a Gidan Makama na Kano ko Arewa House ta Kaduna. Bawul in ya mutu ana iya samun wani, dattijo kuwa ba shi da madadi.