Na'urar Da Ke Riƙe Mota A Kwana

Jawabi ga hakimai da malamansu na ƙasar Zazzau

Hanyoyin cikin birnin Zariya tun kafin zuwan mota aka fid da su, domin masu ƙafa da mahaya dawaki. Wanda ya shigo ta Ƙofar Doka ya nufi Babban Dodo, tilas ya yi tafiya sannu saboda cunkoso. Haɗari yana bayan ganuwa, inda direba zai hau hanyar Kaduna ko ta Kano da damina, ya sha kwana da gudu bisa jiƙaƙƙiyar kwalta.

Ta hanya biyu mota kan kufce wa direba a kwana: ko gabanta ya ƙi bin sitiyari ta miƙe daji, ko bayanta ya zame ta nemi juyawa.

A 1995 kamfanin Bosch da na Mercedes-Benz a Jamus suka fito da maganin wannan, suka kira shi ESP. Toyota kuwa VSC take kiran nata. Na'ura ce mai gwada inda sitiyari ya nufa da inda motar ta dosa, kamar sau 25 cikin daƙiƙa guda. In suka saɓa, sai ta kama birkin ƙafa ɗaya kaɗai, ta rage ƙarfin inji. Misali, ana kwana hagu: in gaba ya ƙi, ta kama ƙafar baya ta hagu, in baya ya zame, ta kama ta gaba ta dama, motar ta komo hanya. Ba direban da ke iya wannan, kome gwanintarsa, don birkinsa ƙafa huɗu yake kamawa gaba ɗaya.

Amurka ta wajabta ta ga sababbin motoci daga ƙirar 2012, Tarayyar Turai kuma daga 2014. Tsofaffin 'yan Kwatano da suka riga wannan, wata tana da ita, wata babu.

Saboda haka in za a saya wa hakimi mota, malaminsa ya murɗa makulli ya duba gaban direba. Fitila rawaya mai hoton mota da sawun santsi za ta kama, sa'an nan ta mutu. In ta tsaya kunne, ko an kashe na'urar ko ta lalace, a kai wa makanike. A duba tayoyi kuma, gama na'urar da taya take aiki, suɗaɗɗiyar taya kuwa ba ta kama kwalta.