Ƙasa, Harshe da Neman Abinci: Kwatanta Zaman Kajunawa da na Mutanen Samowa

Gabatarwa



Laccar yau za ta yi magana ne a kan wasu ƙananan al'ummu guda biyu waɗanda ba su haɗa iyaka ba, ba su haɗa harshe ba, ba su kuma haɗa asali ba. Ta farko ita ce Kajunawa, mazauna kudancin Jihar Luwiziyana ta ƙasar Amurka. Ta biyu kuwa ita ce ta mutanen tsibiran Samowa, can tsakiyar Tekun Pasifik. Mai sauraro yana iya tambaya, shin me ya haɗa kifi da kaska? Amsa ita ce, dukkansu mutanen bakin ruwa ne, manoma da masunta. Dukkansu sun faɗa hannun manyan dauloli masu magana da Turanci. Haka kuma dukkansu aikin albashi ya riske su a cikin ƙarni na 20, ya sauya musu hanyar neman abinci. Amma abin da kowace al'umma ta biya a kan wannan sauyi ya bambanta ƙwarai, kuma dalilin bambancin shi ne abin da za a bi diddiginsa a nan.

Asalin Al'ummun Biyu

Kakannin Kajunawa Faransawa ne da suka fara zama a yankin da ake kira Akadiya, a gabashin Kanada ta yau, tun farkon ƙarni na 17. A 1713 Faransa ta sallama wa Ingila mafi yawan yankin. Da Akadiyawa suka ƙi yin mubaya'ar da za ta tilasta musu ɗaukar makami a kan Faransa, sai Ingilishi suka fara korarsu a 1755, aka ƙone gidajensu, aka loda su a jiragen ruwa, aka warwatsa fiye da mutum 10,000 a wurare dabam-dabam, da yawa kuma suka mutu a hanya. A 1765 wani ayari ya isa Luwiziyana a ƙarƙashin Joseph Broussard, sa'an nan a 1785 jiragen ruwa bakwai suka kawo kimanin mutum 1,600 daga Faransa. A lokacin Luwiziyana tana hannun Sifen, sai a 1803 Amurka ta saye ta. Kalmar Kajun ma daga sunan Akadiya ta samo asali, bayan da baki ya gutsure ta.

Mutanen Samowa kuwa ba a taɓa raba su da ƙasarsu ba. Sun yi kusan shekara 3,000 a tsibiransu. A 1830 ɗan mishan John Williams ya sauka a tsibirin Savai'i, kuma cikin 'yan shekaru addinin Kirista ya game ko'ina. A 1899 manyan dauloli suka raba tsibiran biyu: Jamus ta ɗauki na yamma, watau Upolu da Savai'i, Amurka ta ɗauki na gabas, watau Tutuila da Manu'a. A 1914 Niyu Zilan ta ƙwace ɓangaren yamma, kuma a ƙarƙashinta ne annobar mura ta 1918 ta kashe fiye da kashi ɗaya cikin biyar na jama'a, alhali a ɓangaren gabas, inda aka rufe tashar jiragen ruwa, ba a rasa ko rai ɗaya ba. Wannan sakaci ya hura wutar ƙungiyar neman 'yanci ta Mau, wadda aka harbe shugabanta, Tupua Tamasese Lealofi III, a birnin Apia a watan Disamba na 1929. Ɓangaren yamma ya sami mulkin kai a ranar 1 ga Janairu, 1962, shi ne ƙasar Samowa ta yau. Ɓangaren gabas kuwa har yanzu yana ƙarƙashin Amurka.

Zaman Zumunci Kafin Albashi

Idan aka dubi zaman al'ummun biyu kafin kuɗi su yawaita, sai a ga kamanni mai yawa, wanda kuma ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Kajunawa sun zauna a gefen ƙoramu da fadamu da filayen kiwo, suna noman masara da shinkafa da auduga da dankali, suna kiwon shanu, suna kamun kifi da jatan lande da kawa, suna kuma ɗana tarko don fatun namun ruwa. In aiki ya yi wa mutum yawa, maƙwabta sukan taru su kama masa, kamar dai gayya. Da yake babu na'urar sanyaya nama, iyalai sukan haɗu su yanka alade ko saniya bi da bi, a raba naman gida-gida, abin da ya yi kama da watanda. Daren Asabar kuma a taru a gidan wani a yi kiɗa da rawa, a nan samari da 'yan mata suke ganin juna.

A Samowa tushen zama shi ne babban gida da ake kira aiga, wanda ya yi kama da gandu, sai dai ya fi shi faɗi. Kowane aiga yana da shugaba mai riƙe da sarautar gidan, ana ce da shi matai, kuma dangi ne suke zama su zaɓe shi. Shi ne yake raba gonakin gwaza da ayaba da kwakwa, shi ne kuma yake wakiltar gidan a majalisar ƙauye. In aka yi mutuwa ko aure ko naɗin sarauta, kowane ɗan dangi tilas ne ya kawo gudummawa ta kuɗi da abinci da tabarmi masu laushi da ake saƙawa da hannu. Wannan al'ada, wadda suke kira fa'alavelave, ita ce bikin Hausawa, watau wanda aka yi wa yau, gobe shi zai rama.

To, a nan ne bambanci na farko yake. Zumuncin Kajunawa na son rai ne tsakanin maƙwabta masu gonakin kansu. Na Samowa kuwa an ɗaure shi da ƙasa da sarauta, ta yadda wanda ya yanke zumunci ya yanke rabonsa na gona da muryarsa a ƙauye.

Shigowar Aikin Albashi

A 1901 aka haƙo man fetur kusa da garin Jennings a Luwiziyana, kuma a 1947 aka haƙa rijiyar mai a cikin teku, nesa da inda ido zai hango gaɓa. Daga nan 'ya'yan masunta da manoma suka koma ma'aikatan rijiyoyin mai da matuƙan jiragen da ke kai musu kaya, domin sun san ruwan tun suna yara. Hanyoyin mota da lantarki da rediyo suka shiga ƙauyuka, garin Lafayette ya zama cibiyar kamfanonin mai. Watau dai arziki ya iske Bakajune har gida, bai yi ƙaura ba. Sai dai wanda ya dogara da sana'a ɗaya yana tare da haɗari. Da farashin mai ya faɗi a 1986, dubban mutane suka rasa aiki, wasu suka bar jihar. A 2010 kuma, da rijiyar Deepwater Horizon ta fashe, mutum 11 suka mutu, mai ya malala a teku na kusan wata uku, aka rufe wuraren kamun kifi. Gida ɗaya sai a tarar uba masunci ne, ɗa kuwa ma'aikacin mai, ga shi sana'ar ɗan ta ɓata ta uban.

A Samowa ta Amurka abin da ya tsaya a matsayin man fetur shi ne sa kifin tuna a gwangwani. An buɗe masana'anta ta farko a Pago Pago a 1954, ta StarKist kuma a 1963. A 2009 ɗaya daga cikin manyan masana'antun biyu ta rufe bayan an ƙara mafi ƙarancin albashi, kuma rufewar ta zo daidai da ambaliyar teku ta ƙarshen watan Satumba na shekarar, wadda ta kashe mutane a ɓangarorin Samowa biyu. Yawan jama'ar yankin ya sauka daga 55,519 a 2010 zuwa 49,710 a 2020. Samari da yawa aikin sojan Amurka ne mafitarsu.

Ƙasar Samowa mai mulkin kai kuwa ba ta da mai, kuma noman da take taƙama da shi ya sha duka: guguwa ta yi mata ɓarna a 1990 da 1991, sa'an nan a 1993 cuta ta cinye gwazar da take fitarwa waje. Saboda haka babban abin da take fitarwa shi ne 'ya'yanta. Ƙidayar 2021 ta nuna mutum 205,557 a ƙasar, alhali ƙidayar Niyu Zilan ta 2018 ta nuna 'yan asalin Samowa fiye da 180,000 a can, ban da na Ostireliya da Hawai da Kalifoniya. Kuɗin da waɗannan 'yan ci-rani suke aikowa gida yana daga cikin manyan ginshiƙan tattalin arzikin ƙasar. Ba kuma a banza suka same shi ba, domin a tsakiyar shekarun 1970 'yan sandan Niyu Zilan sun riƙa kai samame gidajensu da asuba suna neman waɗanda takardunsu suka ƙare, abin da gwamnatin ƙasar ta nemi gafara a kansa a 2021.

Ƙasa

Bakajune yana mallakar gonarsa da takarda, yana iya sayarwa, yana iya jinginarwa a banki. Bisa dokar gado da Luwiziyana ta gāda daga Faransa da Sifen, akan raba dukiya tsakanin 'ya'ya, don haka gona takan ƙanƙance daga zuriya zuwa zuriya har ta kasa ciyar da iyali. Mafi yawan fadamun bakin teku kuma suna hannun kamfanoni da manyan masu filaye. Daɗin daɗawa, ƙasar kanta tana nutsewa. Jingar da aka yi wa Kogin Misisifi, musamman bayan ambaliyar 1927, ta hana laka isa fadamu, sa'an nan hanyoyin ruwa da kamfanonin mai suka haƙa sun shigo da ruwan gishiri mai kashe ciyayi. Daga 1932 zuwa yau jihar ta rasa kusan murabba'in mil 2,000 na ƙasa.

A ƙasar Samowa kimanin kashi 80 cikin 100 na ƙasa ta dangi ce, kuma tsarin mulki ya hana sayar da ita ko jinginar da ita, sai dai a ba da haya. A ɓangaren Amurka ma kusan kashi 90 na dangi ne. Amfanin wannan a fili yake, watau da wuya a sami ɗan Samowa wanda ba shi da inda zai koma ya kafa bukka ya dasa gwaza. Illarsa kuma ita ce, manomi ba shi da abin da zai ajiye wa banki ya karɓi jari, ga nauyin biki da na baikon coci wanda yakan cinye albashin ɗan ci-rani kafin ya tara wani abu. Duk da haka mutanen sun san darajar abin da suke riƙe da shi. Waɗanda aka haifa a Samowa ta Amurka ba cikakkun 'yan ƙasar Amurka ba ne, kuma da wasu suka kai ƙara kotu suna neman wannan matsayi, gwamnatin yankin da kanta ta tsaya a kan kada kotu ta ɗora musu shi, don gudun kada dokokin Amurka su rushe tsarin ƙasar dangi da sarautar matai. A 2022 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar.

Harshe

Faransancin Kajunawa harshen baka ne, kaɗan ne daga cikinsu suka iya rubuta shi. A 1916 aka tilasta shiga makaranta a Luwiziyana, a 1921 kuma tsarin mulkin jihar ya ce da Turanci za a koyar. Yaron da aka kama yana Faransanci a makaranta akan hore shi, har ya tashi yana jin kunyar harshen uwarsa. Da waɗannan yara suka girma, ga shi kuma aikin mai da Turanci ake yinsa, sai suka ƙi koya wa 'ya'yansu. A 1968 aka kafa hukumar CODOFIL don farfaɗo da Faransanci, a 1971 kuma aka raɗa wa gundumomi 22 suna Akadiyana. Kiɗa da girke-girken Kajunawa sun yi suna a duniya, suna kuma jawo masu yawon buɗe ido. Amma masu magana da Faransanci a gida sun ragu daga fiye da 250,000 a ƙidayar 1990 zuwa ƙasa da 200,000 a ta 2000, kuma mafi yawan masu jin harshen sosai tsofaffi ne.

Harshen Samowa kuwa an fara rubuta shi tun shekarun 1830, aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki a cikinsa a 1855. A makarantar fasto ta ƙauye yaro yake fara koyon karatu da harshensa. Da shi ake wa'azi, da shi ake zaman majalisar ƙauye, kuma ba mai riƙe sarautar matai da mutunci sai ya ƙware a zancen girmamawa. Har yau sai mai sarautar matai ne yake tsayawa takarar majalisar dokokin ƙasar, ko da yake tun 1990 aka ba kowane baligi damar jefa ƙuri'a. Inda harshen yake rauni shi ne a bakin jikokin da aka haifa a Okland da sauran biranen waje, domin a can babu ƙasa babu majalisar ƙauye da za su tilasta shi.

Kammalawa

A taƙaice, Bakajune ya zauna a gida, arziki ya same shi, ya fi ɗan Samowa samun kuɗi nesa ba kusa ba, amma harshensa ya kusa suɓuce masa, ƙasarsa kuma teku tana ci. Ɗan Samowa ya riƙe ƙasa da harshe da sarauta, amma sai ya tura fiye da rabin danginsa ƙetare kafin tukunya ta tafasa a gida. Abin da wannan kwatanci ya nuna shi ne, harshe da al'ada sukan daɗe ne a inda suke da aikin yi: inda da su ake samun gona, da su ake karatu, da su ake ibada, da su ake yanke shawara. In aka raba su da waɗannan wurare, sai su koma abin kiɗa da abin girki, a riƙa tunawa da su ranar biki. Ga masu nazarin harsunan Afirka, waɗanda har yanzu suke muhawara a kan harshen da ya kamata a koyar da yaro da shi a firamare, labarin dokar 1921 ta Luwiziyana abin dubawa ne da idon basira, domin zuriya biyu kacal ta ɗauka kafin kaka da jika su kasa hira da harshe ɗaya.

A nan laccar ta tsaya.