Mutum-mutumi a Ɗakin Gwaji



An nemi mu yi magana a kan yadda ake gwada manhajar intanet wadda jama'a ke buɗe asusu a cikinta, kamar ta rajistar ɗalibai ko ta biyan albashi. Masu wannan sana'a ba su jiran a gama ginin kafin su duba shi. Sukan ɗauki ɗan guntun aiki guda, misali wanda ke tantance kalmar sirri, su rubuta masa gwajinsa shi kaɗai, a riƙa maimaita gwajin duk lokacin da aka taɓa manhajar. Kent Beck da Erich Gamma ne suka yaɗa wannan ɗabi'a da JUnit, wadda suka rubuta a 1997.

To, amma guntun da ke tantance kalmar sirri ba ya aiki sai da mai asusu. Ina za a samo shi? Malalacin ma'aikaci sai ya kwafo rumbun bayanai na ainihi ya zuba a kwamfutarsa, da sunayen mutane da lambobin wayarsu da lambar NIN ta kowa. Wannan cin amana ne, ko da bai yi nufin sharri ba, gama kwamfutar gwaji ba ta samun tsaron da ake ba ta ofis, ana kuwa sace ta a mota kamar kowace. Doka ma ba ta ƙyale ba. A Turai, tun 2018 ana iya cin kamfani tarar da ta kai Yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin 100 na cinikinsa na shekara, Nijeriya kuma ta kafa tata dokar kare bayanai a 2023. Ga kuma abin kunya. A watan Yuni na 2021 kamfanin HBO Max ya aika wa ɗimbin abokan cinikinsa wasiƙar gwaji wadda ba kome a cikinta, har ya fito ya ba da haƙuri.

Maganin shi ne abin da za mu kira mutum-mutumi. Manomi ba ya ajiye ɗansa a gona dare da rana don korar tsuntsaye. Sanda yake kafawa ya sa mata riga. Haka mai gwaji yake ƙera asusun ƙarya, ya kuma ƙera abin da zai tsaya a madadin rumbun bayanai, ya ce masa: in an tambaye ka wane, ka amsa da kaza. Tim Mackinnon da Steve Freeman da Philip Craig suka bayyana dabarar a wani taro a tsibirin Sardiniya a 2000, harshen Python kuwa ya shigar da ita cikin kayan aikinsa a 2012. Gwajin ya kan yi sauri, sa'an nan ana iya umartar mutum-mutumin ya yi abin da ke da wuyar samu a zahiri, watau ya ce an toshe asusun, ko rumbun ya ƙi amsawa sam. Adireshin imel kuma tun 1999 aka keɓe example.com domin irin wannan, saboda kada saƙo ya faɗa akwatin wani bawan Allah.

Inda muke so ku kasa kunne sosai shi ne irin mutanen da kuke ƙerawa. Yawancin misalan da ke cikin littattafai suna ne na Turawa, gajere, mai kashi biyu. Manhajar da aka gwada da su kaɗai za ta ci jarrabawa, ranar da ta gamu da ƙ ko ɗ ko ɓ sai ta mai da su alamar tambaya. Sunan da ke da alamar ɗauri, irin su Sa'adatu da Mu'azu, ya sha rikita manhajar da ba a rubuta da kula ba, ta wannan ƙofa ce kuma ɓarayi ke cusa umarninsu cikin rumbu. Saboda haka ku ƙera mai suna huɗu, da wanda sunan garinsu ne sunansa na ƙarshe, da biyu masu suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya, da wanda aka haifa ranar 29 ga Fabrairu. Lambar waya ma ku sa wadda ta fara da sifili da wadda ta fara da 234. Akwai manhajoji irin su Faker masu ƙago sunaye barkatai, ba laifi, amma fa a ɗaure su su riƙa fitar da iri ɗaya kullum, in ba haka ba gwaji ya faɗi yau ya wuce gobe, a rasa dalili.

Sai dai mutum-mutumi ba ya musu, abin da ka koya masa shi yake maimaita maka. In ka zaci rumbun yana mayar da suna alhali lamba yake mayarwa, gwajinka zai wuce lafiya lau, manhajar kuwa ta karye a hannun jama'a. Mu a ganinmu, wanda ya cika manhajarsa da mutum-mutumi har ya rasa gwaji ko ɗaya da ke taɓa rumbu na gaske yana yaudarar kansa ne. A kafa ƙaramin rumbu dabam, a cika shi da asusun ƙarya, a gudanar da 'yan gwaje-gwaje a kansa daga rajista har shiga, a share shi bayan kowane zagaye.

 Shugaba, in da sauran lokaci, muna karɓar tambayoyi.