GOLA YA BIYA KO KADA YA BIYA? Jawabin da Aka Gabatar a Taron Shekara na Tsofaffin Ɗalibai



Mai girma Shugaban wannan taro, iyayenmu malamai waɗanda suka yi ɗawainiya da mu tun muna sanye da gajeren wando, Shugaban Ƙungiya da 'yan kwamitinsa, wakilan rassanmu na Gusau da Tsafe da Bungudu, yayyenmu da 'yan ajinmu da ƙannenmu, ina yi muku barka da zuwa, tare da fatan kowa ya baro iyali lafiya. 'Yan uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya cikin wannan shekara, Allah Ya jiƙansu, Ya sa Aljanna ce makomarsu, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Sakatare ya ba ni minti ashirin in yi magana a kan wani al'amari wanda in na waje ya ji shi zai yi mana dariya. Watau dai, shin mai tsaron gida, wanda muka fi sani da gola, zai riƙa biyan kuɗin wasan ranar Asabar kamar kowa, ko kuwa za a ɗauke masa? To, na waje ya yi dariyarsa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu mun san Asabar uku ke nan ba a buga ƙwallo ba a reshen Tsafe, tun ranar da aka karanta sunayen masu bashi a bakin fili, sunan golansu na ciki, ya naɗe safar hannunsa ya tafi gida. Mun kuma san reshen Bungudu ya aiko da takarda cewa ba zai shiga gasar rassa ta bana ba sai an yanke hukunci ɗaya da zai hau kan kowa. In kuwa ƙwallon Asabar ta mutu, ku gaya mini, me ya rage da zai riƙa haɗa mu in ban da ɗaurin aure da zaman makoki?

Ban yi mamakin yadda gardamar ta yi tsawo ba. Mu jikokin 'Yandoto ne, garin malamai da muhawara tun kafin jihadi, har dai wajen shekara ta 1806 da Muhammadu Bello ya zo aka yi abin da aka yi. Daga can Malam Sambo Ɗan Ashafa ya fito ya kafa Gusau, Sarkin Tsafe kuwa har gobe 'Yandoton Tsafe ake kiransa. Saboda haka in mutumin Gusau da mutumin Tsafe suka kama ja-in-ja a kan naira ɗari, gado ne, sai dai kakanninmu a kan littattafai suke yin tasu.

Bari in fara da nesa kafin in dawo gida. Wannan tambaya ba mu muka fara yin ta ba. A ƙasar Kanada, inda ƙwallon gora ta kan ƙanƙara ta zame musu kamar ƙwallon ƙafa a wurinmu, magidanta irinmu sukan haɗa kuɗi su kama filin ƙanƙara na sa'a guda bayan an tashi aiki, su yi wasa don motsa jini. A yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi gola ba ya biyan ko kwabo, ko kuma ya biya rabi. Dalilinsu biyu ne. Na farko, abin da suke bugawa wani dunƙulen roba ne mai taurin dutse, nauyinsa wajen giram 170, yana kuma tafiya kamar an harba shi, don haka sai gola ya yi shiga tun daga kai har ƙafa kamar barde mai lifidi, kayan kuwa tsada gare su fiye da na kowane ɗan wasa. Ku ji wani abu, har zuwa 1959 da fuska a buɗe gololinsu suke tsayawa, sai da aka fasa wa wani gwaninsu mai suna Jacques Plante fuska a wani wasa a birnin New York, ya ce shi ba zai koma fili ba sai da abin rufe fuska, sannan sauran suka bi sahu sannu a hankali. Dalili na biyu shi ne ƙarancin masu son aikin. Ƙarancin ya kai har akwai masu sana'ar ba da hayar gola, a kira mutum a waya, ya zo ya tsaya sa'a guda a biya shi. Haka abin yake a Barazil wajen ƙwallon ƙafa ta unguwa: gola ba ya biya, in ma babu shi hayarsa ake yi ta wayar hannu.

Yayyenmu da suka tarar da sandunan ƙwallon gora a siton wasanni na makaranta za su shaida irin wannan. Kowa yana son ya riƙe sanda ya yi gudu, amma da an ce wa zai ɗaura matashin ƙafa ya tsaya a raga, sai ka ga kowa ya duƙa yana gyara igiyar takalmi.

To amma mu yi wa kanmu adalci, hujjar farko ta mutanen Kanada ba ta da ƙarfi a wurinmu. Golanmu safar hannu yake bukata, da riga mai dogon hannu wadda launinta ya bambanta da na sauran kamar yadda doka ta ce, sai ɗan abin kare gwiwa. Wannan kuɗi ne, ban musa ba, musamman da yake filayenmu suna cin safa kamar yadda gara ke cin zana. Amma bai kai a ce don shi kaɗai za a ɗauke wa mutum biya har abada ba. Ƙungiya za ta iya sayen safa biyu a shekara ta ajiye wa kowane reshe, maganar kaya ta ƙare. Duk wanda ya zo yau da hujjar tsadar kaya kaɗai, Ma'aji zai kayar da shi cikin minti biyu, kuma ina bayan Ma'aji a nan.

Hujja ta biyu ita ce tamu, kuma a kanta nake so in daɗe. Ku tuna yadda ake zaɓen gola muna makaranta. Mai ƙwallo shi ne lamba tara, wannan ba a gardama. Abokansa su ne 'yan gaba. Wanda ya zo a makare, ko ɗan aji ɗaya da aka gani yana wucewa da bokiti, ko wanda jiki ya yi wa nauyi, shi ake turawa tsakanin duwatsu biyu a ce ya tsare. In an ci mu laifinsa ne, in mun ci kuwa ba mai waiwayarsa, sai a ɗauki wanda ya jefa ƙwallo a kafaɗa a bar shi yana kakkaɓe ƙura. Malamanmu na wasanni suna zaune a nan, in ƙarya nake yi su tsayar da ni. Mun girma, mun yi furfura, amma halin bai sake ba. Magidanci ya bar shagonsa ko ofis ya zo fili ranar Asabar don ya yi gudu, ya yi zufa, ya rage tumbi kamar yadda likita ya umarce shi, in Allah Ya ba shi sa'a ya jefa ɗaya a raga ya sami labarin ba yara da dare. Gola fa? Faɗin ragar nan mita 7.32 ne, tsayinta mita 2.44, shi kaɗai a ciki. Rabin lokaci yana tsaye yana kallo cikin sanyin hunturu, sauran rabin yana faɗuwa a kan ƙasar da ta bushe ta yi tauri kamar daɓe, ga tsakuwa ga ƙaya. Yaro ɗan shekara goma sha biyar zai faɗi ya tashi yana dariya. Mai shekara arba'in da biyar in ya faɗi a kan kafaɗa, sai ya yi mako yana sallah a zaune. Abin da mu muke saye da kuɗinmu ranar Asabar, watau gudu da zufa da daɗin cin ƙwallo, shi kaɗan yake samu daga ciki. Mu ne ma muke amfani da jikinsa don namu jin daɗin ya cika.

Bugu da ƙari, dokar ƙwallon ƙafa da kanta ta fifita shi. Ta ce kowane ɓangare mutum goma sha ɗaya ne, tilas ɗayansu ya zama mai tsaron gida. Ta yarda a fara wasa da mutum bakwai kacal, amma ba ta yarda a fara babu gola ba. Ko a namu wasan na tsofaffi mun ga haka. Ranar da lamba tara bai zo ba, wasa ya kan fi daɗi ma, don kowa ya kan sami ƙwallo. Ranar da gola bai zo ba sai a koma karɓa-karɓa, kowa ya tsaya minti goma yana tsaki, ƙwallo na shigewa ta tsakanin ƙafafu, kafin a je hutun rabin lokaci an ci tara da bakwai, kowa ya kama hanyar gida.

Duniya ma ba ta cika yi wa masu wannan aiki adalci ba. Tun da aka fara ba da kyautar Ballon d'Or a 1956, gola ɗaya tak ya taɓa samunta, Lev Yashin na tsohuwar Tarayyar Sobiyat, a 1963. Mu a nan gida muna tuna waɗanda suka ci Aljeriya uku da nema a Legas a 1980, amma mutum nawa ke ambaton Best Ogedegbe da ya tsare gida a gasar? Marigayi Peter Rufai, wanda ya rasu a 2025, shi ya tsare mana gida a Tunisiya a 1994 muka ɗauko kofin Afirka na biyu, Vincent Enyeama ya tsare a 2013 muka ɗauko na uku. Kuma duk wanda ya kalli wasanmu da Afirka ta Kudu a Kwaddebuwa a watan Fabrairun 2024 ya san ba don Stanley Nwabali ya kaɗe fenareti biyu ba, da ba mu ga wasan ƙarshe ba. Tsofaffin cikinmu kuma za su ce in ƙara da Inuwa Lawal Rigogo na shekarun 1960, to na ƙara.

Al'adarmu ta san irin wannan rangwame tun kafin ƙwallo ta zo. Makaɗin gayya ba ya riƙe fartanya, amma da shi ake cin tuwon gayya, ba kuma wanda ya taɓa cewa ya ci banza. Yaron mota daga Tsafe zuwa Gusau yana cikin mota kamar kowane fasinja, iska ɗaya suke sha, amma ba a tambayarsa kuɗin mota.

Yanzu in juyo ga masu cewa a biya, domin maganarsu ba ta banza ba ce. Ma'aji ya ce da zarar an buɗe ƙofar rangwame, gobe 'yan baya za su ce su ma ƙafafunsu ake sara, jibi mai kawo ruwa ya ce shi ma a ɗauke masa. Ya ce tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin motar kai 'yan wasa Bungudu ko Tsafe ya ninka, ga shi halin da hanyoyinmu ke ciki ya sa tilas a yi shatar mota a je a dawo da rana tsaka, ba a jiran ta haya har la'asar. Duk gaskiya ne. Akwai ma wata magana da ta fi wannan nauyi, wadda wani malaminmu ya faɗa mini a waje kafin mu shigo: wanda ba ya biya, ba ya da baki. Ranar da aka zo zaɓen kyaftin ko aka yi saɓani, wani mai saurin harshe zai ce masa, kai da ko sisi ba ka bayarwa. Ɗan uwanmu da muka ci tuwon makaranta tare ya koma kamar ɗan haya a cikin ƙungiyarsa. Wannan ya fi bashin naira dubu ciwo.

Saboda haka ni a ganina kuskuren da ake yi shi ne cakuɗa kuɗi iri biyu a asusu ɗaya. Akwai kuɗin ƙungiya na wata-wata, wanda da shi muke duba marar lafiya, mu yi ta'aziyya, mu taimaka wa marayun 'yan ajinmu, mu gyara rufin ajin da iska ta yaye. Wannan kuɗin zumunci ne, ba ruwansa da inda mutum ke tsayawa a fili, gola zai biya shi cif kamar Shugaba, da shi ne kuma zai riƙe bakinsa da ƙuri'arsa. Akwai kuma kuɗin Asabar, na ƙwallo da farar ƙasar zanen fili da alƙalin wasa da ruwan sha. Wannan shi nake roƙon a ɗauke masa. Ku yi lissafin da kanku. Alal misali, a ce wasa ɗaya yana cin naira 22,000, mu ashirin da biyu, kowa naira 1,000. In aka cire gola biyu, sauran ashirin kowa zai ba da naira 1,100. A kan naira ɗari muka yi Asabar uku a gida. Kuɗin mota kuwa, in za a fita gari, kujera kujera ce, kowa ya biya tasa, sai in reshe ya ga dama ya ɗauke wa nasa.

Amma kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski. Rangwamen na golan da reshe ya rubuta sunansa ne, wanda zai tsaya daga farko har ƙarshe, ba wanda zai tsaya minti ashirin ya ce shi ma a sake shi ya je gaba ya ci ɗaya ba. In ba zai zo ba ya sanar da kyaftin tun ranar Alhamis a nemi wani, in ya yi fashi sau biyu a jere babu sanarwa ya koma biya kamar kowa har ƙarshen wata uku. Wanda aka tura raga don karɓa-karɓa ba ya ciki. Ga 'yan baya masu shirin kawo tasu ƙarar kuwa, amsa ɗaya ce: raga a buɗe take, duk mai son rangwame ya zo a auna masa safa.

Abu na ƙarshe, ina roƙon a daina karanta sunayen masu bashi a bakin fili a gaban yara da 'yan kallo. Cikinmu akwai masu albashi, akwai 'yan fansho da ke jira, akwai waɗanda suka baro gonakinsu ba da son ransu ba suka dawo cikin gari. Ma'aji ya sami mutum shi kaɗai su yi magana. Bashin kuɗin Asabar da ake bin golan Tsafe kuma a yafe shi, wakilai biyu su je har gida su ba shi haƙuri kafin Asabar mai zuwa.

Mai girma Shugaba, na rubuta wannan shawara a takarda na miƙa wa Sakatare, ina neman wanda zai goya mini baya domin a jefa ƙuri'a bayan sallar Azahar. Wakilan Bungudu, don Allah kada ku tafi kafin a ƙirga hannuwa.