Albasar Galmi da kuɗin tikitin kasuwa: jawabi a taron matasa a Tahoua

 

Bari in fara da albasa. Albasar Galmi ta yi suna har Accra da Abidjan. Amma ku tambayi manomin da ya noma ta. A watan Maris da Afrilu kowa na girbi lokaci guda, farashi ya faɗi, ga bashin taki da man injin ban ruwa na jiransa, dole ya sayar. Bayan watanni buhun nan ya yi tsada, ribar ta tafi aljihun mai wurin ajiya. Wanda ya zuba a rudu kuma, zafi da damina su ruɓar masa da wani kashi.

Ba cewa muke gwamnati ta koma saye da sayarwa ba. Abu uku muke nema.

Na farko, meri. Duk ranar kasuwa ana yankar tikiti. Ina kuɗin ke zuwa? A liƙa lissafin a ƙofar meri, a ware wani kaso a gina ma'ajiyar albasa mai shan iska da rumfuna, a gyara hanyar da ke fito da kaya daga gona zuwa kwalta. Mai biyan lanho in ya ga aiki, ba sai an bi shi da gudu ba.

Na biyu, hanya. Kamyo ya tsaya a shinge, a biya, a yi gaba kaɗan, wani shingen. Ɗan kasuwa ba ya asara, a kan manomi yake fanshewa. A rage shingaye, duk abin da aka biya a ba da rasit.

Na uku, wuta. A Agustan 2023 da Najeriya ta yanke mana lantarki, mun ga yadda mai walda, tela da mai sayar da ƙanƙara suka zauna ba aiki. Rana muna da ita har ta yi yawa. A sa hasken rana a kasuwanni da wuraren sana'a.

Ƴan uwa, duk matashin da ya kama hanyar Agadez zuwa Libiya, ba ƙin gida ya yi ba, lissafi ne bai fita ba. Mako mai zuwa mu je meri, mu biyar-biyar, cikin ladabi, mu nemi a nuna mana kasafin bana. Kuɗinmu ne.