Tarkon da Ke Cikin Igiyar Takalmi



An ba ni ɗan lokaci, ni kuwa kalma ɗaya tak na zo da ita, watau fi'ilin Ingilishi "unlace". Ma'anarsa ta fili ita ce kwance igiyar takalmi, ko sassauta maɗaurin tufa. Na zaɓe shi ne saboda wasu abokanmu da ke yi wa Hausa gorin aron kalmomi, wai ita gauraye ce, Ingilishi kuwa tsantsa.

Kalmar gaɓa biyu ce. Ta farko, "un", asalinta Tsohon Ingilishi ne, kuma aikinta a nan warware abin da aka yi. Kada a rikita ta da ɗaya "un" ɗin ta korewa, irin ta "unkind", gama tushensu daban. Bahaushe yana da ɗaure yana da kwance, kowace zaman kanta take; Bature sai ya manna wa fi'ilin wannan 'yar gaɓa a goshi, ya juya shi.

Gaɓa ta biyu kuwa baƙuwa ce. A 1066 Normandawa suka ƙetaro daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi, harshensu ya zama na fada da na shari'a. Cikin kalmomin da suka shiga Ingilishi ta wannan ƙofa har da "laz", watau igiya, wadda ita ma Faransanci ya gada daga "laqueus" ta Latin. Me "laqueus" ke nufi? Zarge, irin wanda maharbi ke ɗana wa dabba. Ashe wanda ya sunkuya yana kwance takalminsa, bisa asalin kalma, ƙafarsa yake fitarwa daga tarko. Ga shi kan kalmar ɗan gida ne, gangar jikinta kuwa aro, aron ma na hannu biyu.

Ita "lace" ba ta tsaya ga igiya ba. A ƙarni na 16 ta zama sunan saƙar nan mai huji-huji, kuma daga nan ne muka sami leshi. In akwai mai sanye da shi a zauren nan, ta yi mini afuwa, ba ni na ce tarko ba ne.

"Unlace" ma ya yi nasa yawon. A wani littafin koyar da yanka nama a teburin manya, wanda Wynkyn de Worde ya buga a Landan a 1508, kusan kowace dabba da fi'ilinta, kuma wannan shi ne na zomo: ana kwance shi gaɓa-gaɓa. Wajen shekara ɗari bayan haka Shakespeare ya kai shi ga mutunci. A wasan Othello, bayan rigimar dare, da wannan fi'ili Othello ya tuhumi Montano, mutum mai natsuwa, kan abin da ya sa ya kwance girmansa da hannunsa kamar mai tuɓe riga.